Ta ina zan fara neman tarihin mutanenmu a shagunan littattafan gwanjo na Makka?

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ummul Ƙura, shekarata ta biyu kenan, daga Zariya nake. Kakan mahaifina ya taho hajji a ƙasa tun zamanin Turawa bai koma ba, ance a Makka ya rasu. Ina so in fara tara littattafan tarihin Makka musamman abin da ya shafi mutanenmu da suka zauna a nan, amma sababbin suna da tsada, mukafa'a kuma, wato alawus ɗin ɗalibai, ba ta isa. Na shiga shagunan musta'amal, wato na gwanjo, guda biyu a unguwar Aziziyya ban ga komai ba sai littattafan makaranta. Dan Allah ta ina zan fara, kuma yaya zan gane wanda ya cancanci in sa kuɗina?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan kakan naka ya sa Aljanna ce makoma. Wato abu biyu kake tambaya a haɗe, ina ake samun littattafan tarihin garin nan da araha, sannan a cikinsu ina labarin Hausawa yake. Ni a nan aka haife ni wajen Shara Mansur, kuma na yi shekaru masu yawa ina tsaron shagon littattafan gwanjo kafin gwiwa ta zaunar da ni, toh abin da zan faɗa maka abin da hannuna ya taɓa ne.

Bari in fara da abin da zai hutar da kai. In ka shiga shago kana neman littafin da aka rubuta "tarihin Hausawa a Makka" a bangonsa, zaka gama zagaye Aziziyya ka koma ɗaki hannu rabbana. Labarinmu a warwatse yake, layi biyu a wannan littafin, rabin shafi a wancan, wani ma a hashiya can ƙasa da ƙananan haruffa, kuma mafi yawa ba da sunan Hausa aka ambace mu ba. Malaman da, Takruri suke cewa, jam'insa Takarir, mutanen Hijaz kuma a bakinsu ya koma Takruni da Takarna, daga nan ne kalmar Takari da ake kiranmu da ita a gida ta fito. Bayan wannan akwai Fallata da Fullani, akwai Barnawi, Kashnawi, Kanawi, Hausawi. Akwai kuma Sudani, wanda a tsofaffin littattafai ba lallai ƙasar Sudan ta yau yake nufi ba, sau da yawa ƙasashenmu na Biladus Sudan ake nufi. Ka rubuta sunayen nan a ƴar takarda ka sa a aljihu, duk littafin da ka ɗauka ka juya shi baya ka buɗe fihirisar sunayen mutane da ta ƙabilu da ta wurare ka bi da yatsa. Minti biyu ya isa ka san ko littafin naka ne ko ba naka bane.

Me yasa ba ka ga komai ba a shagunan da ka shiga

Ba wai babu bane, ba a gaba ake ajiye su ba. Mai shagon musta'amal da ke kusa da jami'a kuɗin hayarsa daga ɗalibai yake fitowa, littafin muƙarrari da aka wajabta a aji shi ke tafiya, ya saya riyal goma a ƙarshen zango ya sayar ashirin a farkon na gaba, saboda haka shi zai jera maka a bakin ƙofa. Littattafan tarihi da tarajim, wato tarihin malamai, da tsofaffin mujallu su ne masu yin kwantai, shekara biyu uku ba wanda ya taya, sai a tura su kanta ta can sama kusa da silin, ko ƙarƙashin tebur a cikin kwali, ko a kai su mustauda'i, wato sito, gaba ɗaya. Kuma yaron da ka tarar a kan kujera galibi ma'aikaci ne, in ka ce masa kana son tarihin Hausawa zai ce mafi, wato babu a Larabcin nan, kuma ba ƙarya ya yi ba, iya saninsa kenan. Ka canza tambayar, ka ce kana son tarihin Makka da Madina da Jidda, da tarajim, da rihlat wato labaran tafiye-tafiyen hajji, da tsofaffin mujallu, ka kuma tambayi lokacin da mai shagon da kansa yake zama, yawanci bayan magariba ne zuwa isha. Shi ne ya san abin da ke cikin kwalayen.

Wannan kwantan shi ne ribarka, domin kayan da ya tare wa mutum wuri shekara uku ba zai tsaya ja da kai a kan riyal biyar ba.

Akwai kuma tarihin kasuwar kanta da ya kamata ka sani. A da masu sayar da littafi a Makka a Babus Salam suke, jikin Harami, mutum ya fito daga halƙar karatu ya faɗa shagon littafi. Da aka fara faɗaɗa masallaci a 1375 bayan hijira, wato 1955, shagunan suka tashi suka watsu cikin gari. Haka abin ya yi ta maimaituwa, duk lokacin da aka rushe unguwa, kamar Shamiyya a 2008, ko unguwannin Jidda irinsu Sabil da Karantina da Gulail da aka tasa daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, mutane suna kwashe abin da mota zata ɗauka, littattafan kaka kuma su ne masu nauyi, sai su ƙare a Haraj, wato kasuwar gwanjo. Na ga wannan da idona kuma har yau yana min ciwo, amma dai gara su faɗo hannun mai karantawa da a zuba su a shara.

Wuraren zuwa ba su da wuyar faɗa. Aziziyya dai ka fara, ka koma da sabuwar tambayar. In ka je Madina ka duba shagunan da ke kewayen Jami'ar Musulunci, musamman lokacin da masu kammalawa ke shirin tafiya, domin mutum ya tara littafi na shekara huɗu ko shida sannan awon kaya a jirgi ya hana shi, dole ya sauke wasu. A Jidda akwai shaguna wajen Jami'ar Sarki Abdul'aziz, sai kuma Haraj Sawarikh a kudancin gari inda littafi ke zube a ƙasa tare da tsofaffin tukwane da rediyo, can sai ka shirya shan rana da ƙura, wata rana ka dawo ba komai wata rana ka tsinci dami a kala. Manhajar Haraj ta waya ma ana sa ɗakin karatu sukutum, sai dai a can masu sayarwa sun riga sun duba farashi a intanet, arahar ba ta kai ta ƙasa ba.

Abin da zaka fara saya

Ka fara da ƙashin bayan, domin in ba ka san garin ba ko ka ga sunan unguwa ba zaka gane ba. Akhbaru Makka na Azraƙi shi ne tsohon, tun ƙarni na uku na hijira, bugun da Rushdi Malhas ya yi wa tahƙiƙi ya yaɗu sosai ana samunsa da sauƙi. Sai Tarikhu Makka na Ahmad Siba'i, wanda ni shi nake fara miƙa wa ɗalibi saboda harshensa mai sauƙi ne kuma ɗan garin ne ya rubuta. At-Tarikhul Ƙawim na Muhammad Ɗahir Kurdi, mai kyan rubutun nan da ya rubuta Mus'hafin Makka da hannunsa, shi kuma taska ne, ya shiga sana'o'i da ruwa da unguwanni da al'adu, sai dai babba ne, in ka samu mujalladi ɗaya ya ware daga ƴan uwansa ka saya kar ka jira cikakke. Wannan ma dabara ce da mutane ke rainawa, saitin da ya cika tsada gare shi, amma mujalladi maraya kusan kyauta ake bayarwa, ni haka na haɗa Al-Iƙdus Samin na Fasi, wanda ya rasu 832 bayan hijira, ɗaya bayan ɗaya daga shaguna daban daban har takwas ɗin suka cika, bangonsu ma ba kala ɗaya ba amma karatu dai ɗaya ne.

Amma inda mutanenmu suka fi fitowa shi ne littattafan tarajim, wato tarihin malamai, da na tafiye-tafiye, da na tuna baya da dattawan Hijaz suka rubuta kan rayuwar unguwa. A tarajim zaka haɗu da Shehu Salihu Al-Fullani, mutumin Futa Jalo da ya zama babban malamin hadisi a Madina ya rasu 1218, wato 1803. Zaka haɗu da Alfa Hashim, wanda yana cikin waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ya ƙaraso Madina ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1931. Zaka haɗu da Shehu Umar Fallata na Darul Hadis ta Madina wanda ya rasu 1419. Kaga in kakanka a zamanin Turawa ya taho, toh a cikin wannan ambaliyar ya taho, mutanen da suka bi ta Borno da Chadi suka ratsa Sudan, wasu suka tsaya noma a can shekaru suna tara kuɗin jirgin ruwa, wasu suka zauna a Mai Wurno gaba ɗaya, wasu suka ƙetare ta Sawakin zuwa Jidda. Duk tarjamar da ka karanta ta malamin wancan lokacin ka lura da sunayen ɗalibansa da unguwar da ya zauna da rubaɗin, wato masaukin waƙafi, da ya sauka, a nan ake kama bakin zare.

Kar kuma ka tsallake kantar fiƙihu kana cewa tarihi kake nema. As'halul Madarik, sharhin Irshadus Salik a mazhabar Malikiyya, mujalladi uku, wanda ya rubuta shi Shehu Abubakar ɗan Hasan Al-Kashnawi ne, mutumin ƙasar Katsina da ya zauna a Makkan nan ya rasu 1397. Littafin yana yawo a shagunan gwanjo saboda ɗaliban Afirka suna saye suna bari, mai shago kuma a wurinsa littafin fiƙihu ne kawai. Ni a wurina shaida ne cewa namu sun zauna a garin nan sun yi rubutun da ake karantawa har Maroko.

Littattafan matafiya su kuma ka karanta su da haƙuri. Burckhardt, Baturen Suwizalan da ya shigo Makka a 1814, ya yi bayanin Takarir da yadda suke aikin ƙarfi su tara guzirin komawa, an fassara shi zuwa Larabci. Mir'atul Haramaini na Ibrahim Rif'at Basha, wanda ya jagoranci ayarin hajjin Masar a farkon ƙarni na 20, yana da hotuna masu daraja. A irin waɗannan da littattafan tarihin Jidda zaka ga sunan Nakatu, unguwar bukkokin mutanenmu a bayan ganuwar gari kafin a rushe ganuwar a 1947. Gaskiya wani lokacin kalmomin da ake siffanta mu da su ba su da daɗi, akwai raini a ciki, zaka karanta ranka ya ɓaci. Ka daure ka ɗauki bayanin wuri da sana'a da lokaci, ra'ayin marubucin ka bar masa kayansa.

Sai mujallu, waɗanda su ne na fi ƙauna kuma su ne mafi araha, sau da yawa a ɗaure ake sayar da su da igiya. Al-Manhal da Abdulƙuddus Ansari ya kafa a Madina a 1937, Al-Arab ta Hamad Al-Jasir da ta fara a 1966, da mujallar Hajji. A cikinsu akwai ta'aziyyar malamai da wasiƙun masu karatu da gyare-gyaren da dattawa ke aikowa, wani ya rubuto yace ba haka sunan rijiyar nan yake ba, kaza ne, kuma wane ne ya haƙa ta. Irin wannan bayanin ba ya shiga manyan littattafai. Haka ƙananan littattafan da kulob ɗin adabi na Makka da Madina da Jidda suka buga, da na kamfanin Tihama, da tarin da aka fitar a 1426 lokacin da aka zaɓi Makka babban birnin al'adun Musulunci, da yawansu kaɗan aka buga aka raba wa manya, ba a sake bugawa ba, sai magada sun fitar da su suke ganin rana.

Duba kafin biya

Araha ba ta ado, dole ka duba da kanka. Ni an taɓa sayar min da saiti a naɗe cikin leda an manne, mai kayan yace sabo ne fil ba a buɗe ba, na yarda na biya, sai da na zo gida na tarar mujalladi na huɗu guda biyu ne, na biyar babu, da na koma kuma ya tashi daga wurin. Tun daga ranar ko waye sai na buɗe a gabansa. Ka ƙirga mujalladai, ka duba shafin farko da na ƙarshe, ka tabbatar fihirisa tana nan domin ita ce ke fara yagewa kuma kai ita ka fi buƙata. Ka buɗe tsakiya ka ga ɗinkin, in da zare aka ɗinka zai rayu, in gam ne kawai ya bushe da zafin ƙasar nan, kana buɗewa zaka ji ƙas, ganye su fara zubowa. Ka shinshina, littafin da ya kwana a danshin Jidda yana da warin da ba ya ɓuya kuma funfunar tana bin na kusa da shi. In ka ga ƴan ƙananan huji ko gari-gari yana zuba daga bango toh ƙwaro na ciki, in abin mai daraja ne ka saya amma ka ɗaure shi a leda shi kaɗai kar ka jera shi da sauran.

Wani zai ce maka wannan bugun asali ne ya ninka kuɗi. Ka shafa shafin da yatsa, tsohon bugu na haruffan dalma yana barin ɗan lotsawa a takarda zaka ji shi, wanda aka ɗauki hotonsa aka sake bugawa, musawwara, sumul yake kuma harufan sun ɗan yi kauri da ɗige-ɗigen baƙi a gefe. Kai da karatu ya dama musawwara ta ishe ka, ka bar wa masu tarawa asali. Sai dai in Allah ya haɗa ka da bugun maɗaba'ar Miriyya, wadda aka kafa a Makka a 1300, ko Majidiyya da ta biyo bayanta, a farashin da zaka iya, wannan kam kar ka bari. Shekarun hijira kuma kar su rikita ka, ka cire uku cikin ɗari ka ƙara 622, misali 1400 ka cire 42 saura 1358, ka ƙara ya ba ka 1980, kuskuren ba ya wuce shekara guda.

Abu ɗaya da nake roƙonka, in ka ga hatimin waƙafi, an rubuta waƙafi ne saboda Allah ba a sayarwa, ko hatimin ɗakin karatun masallaci ko makaranta ba tare da alamar an fitar da shi bisa ƙa'ida ba, ka ajiye, ka kuma gaya wa mai shagon cikin ladabi. Wani bawan Allah ne ya ajiye wa lahirarsa.

Ciniki kuma ba faɗa bane. Ka tara guda biyar shida ka haɗa da wanda kake so a tsakiya ka tambayi kuɗinsu a dunƙule, ka ce ya ammi ni ɗalibi ne, akhir kam, wato nawa ne ƙarshen farashi, yawancinsu suna tausayin ɗalibi. In yace albarka kar ka kushe kayan, ka yi godiya ka dawo wani satin. Wanda ya saba ganin fuskarka shi zai kira ka ranar da sabon kwali ya sauka kafin a tsince, wannan kiran ya fi duk ragin da zaka samu. Kuma tunda kuɗinka kaɗan ne ka yi amfani da Maktaba Shamila, manhajar tarin littattafan Larabci, a wayarka, ka rubuta Takruri ko Fallata ka ga littattafan da suka fito, manyan da ke ciki ka karanta a can kyauta, kuɗin ka ajiye wa abin da babu shi a intanet, mujallu da ƙananan bugu da littattafan tuna baya.

Abin da yasa nake cewa ka riƙa buɗe bangon ciki na kowane tsohon littafi, ko da ba na tarihi bane, shi ne wani abu da ya same ni. Wata rana aka kawo mana kwalaye daga wani gida a unguwar Hindawiyya, tsoho ya rasu jikoki zasu tashi. Ina warewa sai ga Risala, bangon fata ya yi baƙi don shafa, gefen shafukan duk ya cinye. A ganyen farko akwai rubutu da tawadar gida mai ruwan ƙasa, irin rubutun allonmu, fa'un da ɗigo a ƙasa ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, rabi Larabci rabi ajami. Mutumin ya rubuta garin da ya fito, da garuruwan da suka yada zango, da inda matarsa ta haihu a hanya, da inda suka binne ɗan, da shekarar da suka hau jirgin ruwa, daga ƙasa kuma sunayen ƴaƴan da aka haifa a Makka kowanne da watansa, tawadar tana canzawa har ta koma biro. Na zauna a kan kwali na karanta sau uku. Washegari na nemi gidan na mayar musu, jikan da ya karɓa ba ya iya karanta ajami, Hausar ma kaɗan yake ji, sai na karanta masa yana ɗauka a waya, ya kira mahaifiyarsa ta tsaya a bayan labule tana saurare tana kuka.

Ni mai sayar da littafi ne ba malamin tarihi ba, rubutun hannu na gaske kuma, wato makhɗuɗat, ban taɓa sa kaina a cinikinsa ba, in ka ci karo da shi ka kai wa malamanka na sashen tarihi su duba kafin ka fitar da ko riyal. Kuma in kakanka ba malami bane sananne, ɗan dako ne ko mai ɗebo ruwa ko mai wanki kamar yawancin iyayenmu, da wuya ƙwarai ka ga sunansa a bugaggen littafi, abin da littafi zai ba ka shi ne unguwar da irinsa suka zauna da hanyar da suka biyo da aikin da suka yi. Sunan kansa sai a bakin mutane. Ka tambayi gida sunansa cikakke da laƙabinsa da unguwarsu a Zariya da wanda suka taho tare, ka riƙe, ranar Juma'a bayan la'asar ka shigo Shara Mansur ko Jarwal ka gaida dattawa ka ce kai jikan wane ne daga Zazzau, zasu tura ka wurin Zazzagawan da suka fi daɗewa. Ka fi neman tsofaffin mata, su suka riƙe wa ya auri wa, kuma ka taho da littafin rubutu da biro domin in suka fara ba sa tsayawa.